Hazon da ya jiƙa gilashi: nazarin faɗuwar motar albasa a hanyar Kumasi zuwa Accra

Motar kawuna ce, mai taya goma, albasa ta ɗauko. Ta tashi daga Aboabo a nan Kumasi wajen ƙarfe 2:30 na dare a ƙarshen watan Oktoba, za ta Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasar Accra bayan an tashe su daga Agbogbloshie a 2021. Ba ta isa ba. Wajen ƙarfe 5 na asuba, a wani kwari tsakanin Juaso da Nkawkaw, ta sauka daga kwalta ta kwanta da gefen dama. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Yaron mota ya karye a hannu, direba ya fasa goshi, buhuna kuwa suka watse cikin ciyawa.

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Zongo. Kawu ya ɗauke ni muka tafi tare, don in taya shi magana da jami'ai da lissafin asara. Abin da na rubuta nan daga bakin direba da yaron mota na ji shi, sai kuma abin da idona ya gani.

Mun isa wurin ƙarfe 8:30 ta gota. Rana ta fito tarwai, sama garau, har kana hango tsaunin Kwahu da bishiyoyin da ke kansa. Direba yana zaune bakin hanya da tsumma a goshi. Kawu ya tambaye shi abin da ya faru, ya ce: "Alhaji, hazo ne. Wallahi ban ga komai ba sai da na zo kanta." Kawu ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce: "Ina hazon?"

Wannan tambayar ita ce gaba ɗayan lamarin. A ran Kawu, mutumin nan barci ya yi a kan sitiyari, yanzu yana neman abin fakewa. Kuma ba a banza ya yi zargin ba. Hazon da Kawu ya sani tun yana yaro a arewa, in ya sauka sai ya kwana uku ko mako bai ɗaga ba. Ta yaya abin da ya rufe hanya ƙarfe 5 zai ɓace ƙarfe 8 ba ko alama? Kafin mu bar wurin ya riga ya yanke shawarar sallamarsa.

Direban

Ɗan wajen Madawa ne a Nijar, ya kusa shekara ashirin yana jan babbar mota a hanyoyin Birnin Ƙonni, Tawa da Agadas. Ba yaro ba ne, ba kuma mai ganganci ba. Shekararsa ta farko ke nan a kudancin Ghana. Da na zauna da shi bayan kwana biyu, abin da ya fi nanata mini shi ne ya san hazo ciki da waje. Ya yi tuƙi cikin hunturun da rana ke komawa kamar faifan azurfa, ana kallonta ido ba ya zafi. Dokarsa a irin wannan yanayi guda ce: ka auna iya nisan da kake gani, ka daidaita gudunka da shi, ka riƙe haka. A cikin ƙura dokar tana aiki, domin nisan da ka gani a nan, kusan shi za ka gani bayan kilomita hamsin.

A daren ya bi wannan doka. Daga Ejisu zuwa Konongo hanya fes take, taurari a sama. Bayan Konongo ya fara ratsa wani farin abu siriri a gangare, ya shiga ya fita cikin daƙiƙa kaɗan. Ya lura gilashin gaba yana jiƙewa alhali ba a ruwa, har ya ce wa yaron ya duba ko tankin ruwan injin ne ke fesowa. Sau uku yana ratsa irin wannan ba abin da ya faru, sai ya saki jiki. Na huɗun ne ya zama bango. Ya ce kamar an jefa wa motar farin bargo. Ya ɗaga fitila zuwa ful don ya ƙara gani, sai farin ya dawo masa cikin ido. Yana cikin haka ya ji taya ta taka ganye. Ganyen nan alama ce da wata motar katako da ta lalace a ƙasan kwarin ta zuba a kan kwalta, ba fitila, ba alamar nan mai kusurwa uku. Ya hango bayanta a kusa ƙwarai, ya karya sitiyari dama, kaya suka rinjayi mota.

Abu biyu, suna ɗaya

Mu Hausawa kalma ɗaya muke kiran abu biyu da ita, alhali kishiyoyin juna ne. Hazon hunturu ƙura ce busasshiya. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda busasshen gindin tsohon tafki ne. Tana zuwa da bushewar leɓe da faso, tana rufe ƙasashe da dama lokaci guda, rana ba ta korar ta. Wanda ya kayar da motar Kawu kuwa ruwa ne. Gajimare ne da ya haɗu a ƙasa maimakon sama. Wanda ya taɓa hawa garuruwan kan tsauni irin su Abetifi ko Aburi da sassafe ya tsinci kansa cikin farin abu mai sanyi, to cikin gajimare ya shiga, ba wani abu ba.

Masana yanayi sun sa masa iyaka: in ɗigon ruwan da ke rataye a iska ya hana ka ganin abin da ke nisan kilomita 1, shi ne cikakken hazon ruwa. Ɗigon ƙanana ne ainun, yawanci kaurinsu bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 1,000 na milimita ba, wato silin gashin kai ya ninka su sau da yawa. Saboda rashin nauyi ne ba sa faɗowa kamar ruwan sama, sai su yi ta shawagi.

Yadda yake haɗuwa kuwa, kowa ya taɓa gani a hannunsa. Ka sayi ruwan leda mai sanyi a Kejetia da tsakar rana, kafin ka kai shi baki bayan ledar ya yi gumi. Ledar ba ta huje ba. Iskar da ke kewaye da ita ce ke ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, da ta taɓa sanyi sai ta kasa riƙe shi ta sauke. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi da yawa, mai sanyi kaɗan. Ka ɗauki akwatin iska mai mita ɗaya ta kowane gefe: a zafin digiri 30 iyakar abin da zai riƙe kusan giram 30 ne, a digiri 22 kusan giram 19, a digiri 10 bai kai giram 10 ba. Saboda haka kowace iska tana da matakin sanyin da in ta sauka gare shi ta ƙoshi, abin da ya ƙaru sai ya koma ruwa. Ina kiransa matakin raɓa a aji, domin a nan ne raɓa ke fara sauka. In abin ya tsaya a kan ganye da kwano da gilashin mota, raɓa ce. In iskar da ke saman ƙasa ita kanta ta yi sanyi har wannan mataki, sai ɗigon ya haɗu a cikinta, hazo ke nan.

Akwai sharaɗi ɗaya da ba a cika ambata ba. Tururi yana bukatar abin da zai kama kafin ya zama ɗigo: ƙwayar ƙura, hayaƙi, ko gishirin teku. Wani masani ɗan Sikotlan, John Aitken, ya nuna haka a 1880, cewa a iskar da aka tace tas hazo ba ya haɗuwa da sauƙi. Wannan ya dame ni a matsayina na mazaunin Zongo, domin hayaƙin gawayi da na shara da na tsofaffin motoci da muke kwana ciki, duk iri ne muke shuka wa hazo. Birnin Landan ya ɗanɗana mafi munin wannan daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952, lokacin da hayaƙin kwal ya gauraya da hazo ya zauna kan gari. Ƙiyasin farko ya ce mutum kusan 4,000 suka mutu, bincike na baya ya kai adadin wajen 12,000, kuma shi ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956 a Ingila. Ba mu kai can ba, amma mai asma a gidanmu ya san bambancin safiyar da hayaƙi ya kwanta da wadda ya tashi.

Daren, sa'a bayan sa'a

Da na koma na bi yadda ranar ta kasance, sai na ga duk abin da hazo ke bukata ya haɗu tun kafin motar ta tashi, kuma a gaban idonmu.

An yi ruwa mai ƙarfi da la'asar. Oktoba tsakiyar ƙaramar damina ce a nan, domin Kumasi damina biyu gare ta: babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ƙasa ta sha ta ƙoshi, daji yana fitar da laima. Bayan isha'i hadarin ya watse, sama ta wanke, taurari suka fito. Na tuna Kawu da kansa ya ce Alhamdu lillahi gari ya yi kyau, mota za ta samu hanya. Ni ma haka na ɗauka, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, domin na san karatun amma ban haɗa shi da abin da ke gabana ba. Wankewar saman nan ita ce babbar alamar haɗari. Gajimare bargo ne ga ƙasa, yana mayar mata da zafin da take fitarwa da dare. In ya yaye, zafin da ƙasa ta tara da rana sai ya tsere sama kai tsaye, ƙasa ta yi sanyi, ta sanyaya iskar da ke kwance a kanta. Daren Kumasi kuwa kusan awa 12 ne duk shekara, lokaci isasshe.

Sai kuma iska ta kwanta. Da akwai iska mai ƙarfi, da ta gauraya sanyin ƙasa da ɗumin sama, hazo bai samu zama ba. Da kuma babu motsi ko kaɗan, da yawancin ruwan ya sauka raɓa kawai. Ɗan motsi kaɗan, irin wanda da ƙyar yake kaɗa ganye, shi ke yaɗa sanyin zuwa tsayin mita da dama ya cika shi da ɗigo.

A ce da yamma zafi digiri 30 ne, iska na ɗauke da giram 21 a kowane akwatin nan. Matakin raɓarta yana wajen digiri 23. In asuba ta sauko da ita 22, ta riga ta wuce iyaka. Mafi yawan rarar raɓa za ta zama, amma abin da hazo mai kauri ke bukata a cikin iska bai kai rabin giram ba. Ruwan da bai cika cokalin shayi ba a cikin akwati guda, shi ne ya makantar da mai shekara ashirin a kan sitiyari.

Saura tambayar da ta fi muhimmanci ga direba: me ya sa a wuri ɗaya akwai, a wani babu? Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka gangarowa take yi kamar ruwa, ta taru a kwari da bakin rafi. Hanyar Accra daga Konongo zuwa Nkawkaw hawa da sauka ce cikin daji, ga tsaunin Kwahu a gefe yana zubo sanyinsa ƙasa cikin dare. Kan tudu sai ka ga taurari, ka gangaro mita ɗari biyu ka faɗa tafkin hazo. Farin abu uku da ya ratsa tun farko ƙananan kwaruruka ne da suka fara cika. Na huɗun ya fi zurfi, akwai rafi a ƙasansa, kuma ya iso shi dab da fitowar rana, lokacin da sanyin dare ke kai matuƙa.

A nan dokarsa ta ci amanarsa. Ya auna gudunsa da abin da yake gani a kan tudu. Ya ce yana wajen kilomita 70 a awa, wato kusan mita 19 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta kai birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, mota ta ci kusan mita 29. Shi kuwa a ƙiyasinsa bai hango motar katakon ba sai a tazarar da ba ta fi tsawon motarsa sau biyu ko uku ba. Ko birki bai fara kamawa ba tazarar ta ƙare. A ganina karya sitiyarin da ya yi shi ne daidai, domin da ya daki gungumen nan da ba wannan labarin nake rubutawa ba.

Ɗaga fitila kuwa kuskure ne, kuma ya amsa shi. Kowane ɗigo yana watsa haske ta ko'ina, wani kaso ya dawo wa mai fitilar. Ful tana harba haske daidai saitin idon direba, sai ya zama ya gina wa kansa farin bango. Dim ta fi, domin tana duban ƙasa.

Amsar tambayar Kawu

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Irin wannan hazo ma haka yake. Rana na fitowa wajen ƙarfe 6 sai ta fara ɗumama ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta koma iya riƙe ruwanta, ɗigon ya koma tururi. Daga ƙasa yake fara cinyewa, shi ya sa ake ganin kamar tashi yake yi. Cikin awa biyu zuwa uku an gama. Mun iso bayan ya tafi.

Amma ya bar sawu. Tampol ɗin da ya rufe kayan sharkaf yake, har ta gefen da ke fuskantar ƙasa, alhali ba a yi ruwa a wurin ba tun magariba. Saƙar gizo-gizo a ciyawar kwarin duk ta yi ƙwalliya da ɗigo. Matan da ke sayar da burodi a ƙauyen da ke gaba sun ce da asuba ba sa ganin gidan da ke tsallaken titi, kuma haka kwarin yake yi duk ƙarshen damina. Yaron mota ma, da aka tambaye shi shi kaɗai a asibiti, ya ce maigidansa idonsa biyu, suna cikin maganar ruwan da ke jiƙa gilashi abin ya faru.

Na tara wa Kawu waɗannan a zaure bayan sallar isha'i. Na ɗauko ruwan leda daga firji na ajiye a gabansa har ya yi gumi. Na ce: "Kawu, ku duba. Ba wanda ya zuba masa ruwa." Ya daɗe yana juya ledar a hannu. Ya ce shekararsa talatin da wani abu a Kumasi, yana ganin farin abin nan a kan rafin Aboabo da asuba in zai tafi masallaci, bai taɓa kawo wa ransa cewa shi ne zai iya cika hanya ba. Bai sallami direban ba. An cire masa wani abu daga albashi saboda gudun da ya yi a gangare, shi ma bai yi musu ba.

Asarar ta yi nauyi. Albasa ba ta shiri da laima, ga shi lokacin tsadarta ne. Wadda ta fashe ko ta kwana a jiƙe sai da aka karyar da ita a Nkawkaw, sauran aka juye a wata mota. Gyaran motar ya ci mako uku a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi.

A wajen gyaran ne muka yi saɓani da Kawu. An ba shi shawara ya sa manyan fitilu masu ruwan ɗorawa a saman motar, wai suna huda hazo. Na hana. Haske tafiya yake kamar igiyar ruwa, kowane launi da tsawon zangonsa, kuma ɗigon hazo ya fi wannan zango girma nesa ba kusa ba, don haka duk launuka yake watsawa daidai wa daida, abin da ya sa ma yake fari ke nan. Launin fitila ba ya huda shi. Abin da ke taimako shi ne inda aka ɗaura ta: ƙasa-ƙasa kusa da bamba, haskenta a shimfiɗe kan kwalta. Haka aka yi a ƙarshe, aka kuma manna jan abu mai ɗaukar ido a bayan motar, aka sayi alama mai kusurwa uku guda biyu. Na matsa a kan wannan na ƙarshe, domin gobe motarmu ce za ta iya lalacewa a kwari, kuma ganye ba ya haske.

Babban canjin a lokacin tashi aka yi shi. Hukumar kula da yanayi ta Ghana tana fitar da hasashe kullum, kuma takan ambaci hazon safiya a yankin daji da tsaunuka, yanzu ina duba shi in tura wa direban. Amma ko ba waya, ya koyi duba abu uku da kansa kafin ya kwanta: an yi ruwa yau, sama ta wanke, iska ta kwanta. In ukun sun haɗu, ko dai ya tashi da wuri ya wuce Nkawkaw da Anyinam kafin tsakar dare, ko ya jira rana. Jiran yana sa a rasa cinikin sassafe a Accra, kuma Kawu yana jin zafin hakan har yanzu. Na kuma gaya masa kada ya ɗauka wannan lissafi zai yi masa aiki a bakin teku. Hazon da kan shigo Accra wajen Yuli zuwa Satumba wata hanya yake bi: ruwan teku mai sanyi ke tasowa daga ƙasa a wannan lokaci, iska mai laima ta bi ta kansa ta yi sanyi, sannan ta turo shi tudu. Shi ba ya jiran iska ta kwanta, ita ce ma ke kawo shi.

A tsakiyar Disamba na wannan shekarar hunturu ya fara leƙowa. Kumasi a lokacin tana kusa da inda busasshiyar iskar arewa ke karo da mai laimar teku, sai ka samu ƙura a sama, danshi a ƙasa. Wata asuba na bi ta inda ake ajiye motar, gari ya yi fari fat, fitilar masallaci da ƙyar ake ganinta. Na tarar da direban tsaye gaban mota, yaron na gefensa, an cire masa ɗaurin hannu. Ya ce: "Malam, zo ka gani." Ya goga yatsa a gilashin gaba ya nuna mini. Ba ƙura ba ce zalla, ba ruwa ba ne zalla, jar laka ce.

Ya aiki yaron ya sayo koko da ƙosai. Ba su tayar da mota ba sai ƙarfe 8.